Ofishin 'yan mazan jiya na garinmu: me suke yi ban da faretin 15 ga Janairu?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan ja ku baya kafin in yi ta.

Mako uku ke nan da rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta. Da aka zo kwashe kayan ɗakinta sai ga wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, an ɗaure ta da tsumma don kwaɗon ya daɗe da lalacewa. Muna buɗewa warin kafur ya buge mu. A ciki akwai guntun wandon kaki, da bel mai faɗi, da takardar sallamar soja wadda ta yi ja har tana karyewa a wurin ninki, da wata tagulla mai siffar tauraro, tsini shida, an rubuta Burma a jikinta. Sai kati ɗaya mai hoton kakanmu da hular soja, an buga masa hatimin Nigerian Legion. Mu mun tashi muna jin ana ce masa Ɗan Bama, ni kuwa har na girma ina zaton Bama ta Barno ake nufi.

Jiya na ɗauki katin na nemi ofishinsu. Ɗaki ɗaya ne a wani lungu, fentin ya koɗe, ga tuta a ƙofa. Na tarar da dattawa shida a kan benci a ƙarƙashin darbejiya. Na gaishe su, na miƙa katin. Wanda ya karɓa ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana kallo, sai kawai ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ƙame ya sara wa katin. Sauran ma suka miƙe. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

To tambayata: wace irin ƙungiya ce wannan, yaushe aka kafa ta, me suke yi sauran watanni goma sha ɗaya? Kuma su ne sojojin ko-ta-kwana da ake cewa ana iya kira idan ƙasa ta shiga uku, ko wannan daban ne?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Baban Hanifa, kada ku bari a raba kayan adakar nan cikin gado, wannan ya ɗauki bel wancan ya ɗauki tagulla. Ku bar su wuri ɗaya.

Ƙungiyar doka ce ta kafa ta a 1964, don kula da waɗanda suka yi aikin soja suka bari, na ƙasa da na ruwa da na sama, da kuma iyalan waɗanda suka kwanta dama. Tana da shugabanni a tarayya, da jihohi, har zuwa ƙananan hukumomi, wato irin ɗakin da ka je. Amma su mutanen sun girmi dokar nesa ba kusa ba. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa 18 a Legas ya ba su horo, kuma daga nan rundunar sojan Nijeriya take ƙirga shekarunta har yau. Shi ya sa zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta.

A yaƙin duniya na biyu an fara kai namu Gabashin Afirka suka yaƙi Italiyawa, suka shiga Mogadishu a 1941, suka nausa har cikin Habasha. Daga baya aka haɗa runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan Bama, wato Burma, ƙasar Myanmar ta yau, su fuskanci Japanawa. Dazuzzuka ne da duwatsu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, babu hanyar mota, don haka kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi kuwa jirgin sama ke jeho su da lema. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, sun ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba.

Kullum muna wuce tarihin nan a kan titi ba mu sani ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Arakan da na Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito. Arakan ɗin nan ita ce jihar Rakhine ta yau, ƙasar 'yan Rohingya da muke jin labarinsu a rediyo. Waɗanda ba su dawo ba, sunayen wasunsu na nan a rubuce a maƙabartar yaƙi ta Taukkyan kusa da Yangon.

Ɗan Birni:
Malam, tarihi ya yi daɗi. Amma mu faɗi gaskiya, ni abin da na san 'yan Lijiyon da shi biyu ne: gadin ƙofar asibiti ko banki, da kuma sayar da ɗan bajon nan na maƙalawa a ƙirji idan shekara ta zo ƙarewa. Sai ranar fareti a fito da su su sha rana, manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, kowa ya shiga motarsa. Ƙungiya ce ko kayan ado?

Tsohon Saje:
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini maganar nan a wayarta, na ce bari in sa baki, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na shiga soja ta Depot Zariya, na je Laberiya a 1990 da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na je Saliyo, na yi shekara 35 aka sallame ni lafiya. Yanzu ni ne magatakardan reshenmu, a wata ƙaramar hukuma da ba sai na faɗi sunanta ba.

Ɗana Ɗan Birni, abin da ka faɗa ba ƙarya ba ne, sai dai ƙofa ka gani ba ka shiga ɗaki ba. Bari in gaya maka yadda zamanmu yake.

Asabar ɗin ƙarshen wata muke taro, ƙarfe tara. Kuma tara tara ce, ba tara ta biki ba. Wanda ya makara akwai tara a kansa, ko da kuwa ƙwandala ce, don kada a saba. Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ya rufe, wata mai zuwa a juya. Sai in buɗe rajista in kira suna da lambar aiki. Mutum zai manta sunan jikansa amma ba ya manta lambarsa, ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka. Wanda bai amsa ba sai a tambaya: wa ya gan shi? In an ce yana kwance, nan take a naɗa mutum biyu su je dubiya, a haɗa musu ɗan abin da ya samu. In an ce ya rasu, mu miƙe tsaye mu yi shiru, in ja layi a kan sunansa da jan biro. Rajistar da na gada, shafukan farko duk ja ne, babu saura. Ɗan Bama na ƙarshe a reshenmu ni na ja masa layi da hannuna. 'Yan yaƙin basasa ma yanzu da yatsu nake ƙirga su.

Bayan haka sai maganar takardu, wadda ita ce rabin aikinmu. Lokacin tantance 'yan fansho, wanda ba ya iya karatu, wanda ido ya tafi, wanda sunansa na banki ya saɓa da na takardar sallama da harafi ɗaya, duk wurinmu suke zuwa. Mu cike musu fom, mu haɗa kuɗin mota, mai ƙarfi ya riƙe marar ƙarfi. Na taɓa goya wani dattijo a bayana na hau da shi bene don a ga fuskarsa a yarda yana raye.

Gadin da kake rainawa kuwa, reshe ne na ƙungiyar mai zaman kansa, da kakinsa da tsarinsa. Mutum ya saba tsayuwa a bakin aiki, ga iyali, ga fansho ba ya kai ƙarshen wata. Ya tsaya ƙofa ya ci halas, ina abin kunya?

Wani abu da zai ba ka dariya: igiya ba ta mutuwa. Akwai wani cikinmu kofur ya bari, ya shiga kasuwar hatsi Allah ya buɗa masa, ya je Makka sau nawa. Akwai kuma samanjanmu, ko keke ba shi da shi. Amma ranar taro Alhajin ne ke ɗauko wa samanja kujera, kuma ba ya zama sai ya zauna.

Maman Sadiq:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Ni zan yi shaida, zan kuma yi ƙorafi, ka yi haƙuri.

Maigidana a bakin aiki ya rasu, a Arewa maso Gabas, Sadiq yana wata bakwai. Bayan na fita takaba na rasa inda zan dosa da takardu. Wannan ya ce in kawo kaza, wancan ya ce ba nan ba ne. Wani dattijo ɗan ƙungiyarku ne, maƙwabcin babana, ya zaunar da ni a zaure ya jera mini takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ki yi mata kwafi biyar, wannan kada ki taɓa ba kowa ta asali. Ya raka ni sau biyu da kuɗin motarsa. Ba zan manta ba.

Ƙorafina shi ne, mu matan mamata ba a tuna mu sai Janairu. A kira mu, a ba mu turmin atamfa da ɗan buhun shinkafa, a ɗauki hoto. Ni ba shinkafa ce damuwata ba, kuɗin makaranta ne, kuma shi a Satumba yake zuwa ba Janairu ba. Sannan taronku na wata-wata ba mu da kujera a ciki. Mazajenmu ba su kai ga yin ritaya ba balle su shiga rajistarka, to mu ina za a rubuta mu?

Tsohon Saje:
'Yata, Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu, ya raya abin da ya bari. Maganarki ta shige ni. A reshenmu akwai littafi na biyu na matan mamata, amma ba zan ɓoye miki ba, mun fi buɗe shi idan an ce ga kayan rabo. Kujera a taro kuwa babu wanda ya taɓa kawo maganar, har ni. Zan kai ta Asabar mai zuwa. In samanja ya yi gardama zan ce ya zo nan ya amsa miki da kansa.

Ɗan Birni:
To Baba, mu zo kan tambaya ta biyu, don ita ce ke cina. Ƙauyukanmu ba a barci. Ana kwashe mutane a gona, ana sa wa gari haraji. Ga ku nan, kun san bindiga, kun san daji, kun ga wuta a Laberiya. Me zai hana a ba kowane reshe makamai ku tsare garuruwanku? Da tsohuwar zuma ake magani. An ɗauki yara an ba su horon 'yan makonni a Katsina a 2023, an yi Askarawa a Zamfara a 2024, ga Civilian JTF a Maiduguri tun 2013. Su da ba su taɓa shiga bariki ba an yarda da su, ku kuma kuna zaune ƙarƙashin bishiya?

Auta:
Ɗan Birni ka faɗi abin da ke raina. A ba su kawai.

Tsohon Saje:
Ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, nima ina da 'yan'uwa a ƙauye. Amma bari in raba maka abu biyu da kuke haɗawa.

Tsohon soja daban, sojan ko-ta-kwana daban. Tsohon soja ya gama, an sallame shi, ya miƙa bindiga. Na ko-ta-kwana kuwa yana gida yana sana'arsa amma sunansa na cikin lissafin runduna. An san inda yake, likita na duba shi, ana kiransa lokaci-lokaci ya koma fili ya yi harbi ya yi gudu, ana biyansa kwanakin da ya yi, kuma ranar da aka kira shi akwai kwamandan da zai tsaya a gabansa, akwai dokar da za ta hukunta shi in ya yi ba daidai ba, akwai wanda zai ɗauki nauyin iyalinsa in ya faɗi. Mu ƙungiyarmu ta jin daɗi ce da zumunci, ba runduna ba ce. Ba mu da ma'ajiyar makamai, kuma ni ba na so a ba mu.

Ka san dalili? Soja ba bindiga ba ce. Soja shi ne wanda ke gefenka, da wanda ke kawo maka harsashi, da motar da za ta ɗauke ka in an harbe ka, da rediyon da za ka kira taimako. Ka cire waɗannan ka miƙa wa mai shekara 68 da hawan jini bindiga, ka ajiye shi bakin gari, to ba tsaro ka kai ba, makami ka kai wa ɓarayi har gida. Ni da kake gani ina iya kwance bindiga in haɗa ta ido rufe, amma gwiwata ba ta kai ni masallaci sai na huta a hanya.

Inda nake tare da kai shi ne nan: ba dukanmu ne tsofaffi ba. Akwai yara da suka yi shekara goma, sha biyar, suka nemi sallama, yanzu suna acaba ko suna sayar da katin waya, ƙarfinsu na nan. Waɗannan su ne ya kamata a ce an yi musu tsari tun ranar da suka fita. Yawancinsu ko rajista ba sa zuwa yi wurinmu, suna ganin zaman tsofaffi ne.

Ɗan Birni:
Wato dai mu zauna a ci gaba da kwasarmu har sai an gama rubuta tsari.

Tsohon Saje:
Ban ce haka ba. 'Yan sintirin garinmu mu muka koya musu yadda ake tsayuwar dare bi da bi, da yadda ake ɗaure rauni jini ya tsaya, da cewa wanda aka kama hukuma ake miƙa wa ba a yanke masa hukunci a daji. Na ƙarshen nan ya fi wuyar shiga kansu. Wannan muna iyawa, kuma muna yi ba ko sisi.

Malamin Tarihi:
Bari in ƙara wa Ɗan Birni hujja, ko da yake ina bayan Baba Saje. An taɓa kiran tsofaffin sojoji a ƙasar nan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Nijeriya duka-duka wajen dubu 10 ne. Dole aka buɗe ƙofa, aka nemi waɗanda suka yi yaƙin duniya su dawo, kuma sun dawo da yawa. Kafin a gama a 1970 rundunar ta kai wajen dubu 250. Amma ku lura da abu biyu. Ɗan Bama a 1967 bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Sannan cikin runduna aka mayar da shi, da kaki da albashi da kwamanda, ba a ƙofar gidansa aka miƙa masa bindiga ba.

Bahaushen Jamus:
Ina ta karatu ina jin daɗi. Baba Saje, abin da ka kwatanta kusan shi nake gani a nan. A ɗan garin da nake zaune akwai ƙungiyar sojojin ko-ta-kwana, kuma ba nan kaɗai ba, ƙananan garuruwa da yawa suna da irinta. Uwar ƙungiyarsu ta ƙasa a 1960 aka kafa ta, mambobinta sun haura dubu 100. Da can aikin soja tilas ne ga samari, sai a 2011 aka dakatar, shi ya sa za ka ga makanike da malamin makaranta da mai gidan burodi duk sun taɓa sa kaki.

Wanda muke aiki tare da shi ɗan ƙungiyar ne, ya taɓa gayyatata bikinsu na bazara. Gasa nama ne da hira, da yara suna wasa, ba ka ce sojoji ba ne. Amma a shekara suna da jadawali: tafiyar ƙasa da jaka a baya, karatun taswira, taimakon gaggawa, da harbi a filin da hukuma ta tanada. Bindigar soja kuwa ba ta kwana gidan kowa, a bariki ake fito da ita a ƙirga harsashi, a gama a mayar. A watan Nuwamba za ka gan su da gwangwani a bakin kasuwa suna tara kuɗin gyaran kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙi, kuma ranar makokin ƙasa su ke tsayawa a gaban dutsen tunawa na garin. Lokacin korona da ambaliyar 2021 an yi amfani da irinsu.

Ba wai kowa ke sonsu ba fa. Saboda abin da ƙasar ta aikata zamanin Hitila, akwai Jamusawan da ko ganin kaki a titi ba sa so. Abokin nawa ya ce akwai maƙwabcinsa da ya daina gaishe shi tun ranar da ya gan shi da shi.

Auta:
Su da wutar lantarkinsu ba ta ɗaukewa, ai dole su yi jadawali.

Na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan namu tsofaffin Faransa suka yi wa yaƙi, muna ce musu ansiyan kombatan. Kakan mahaifiyata yana cikinsu. Abin da ya fi ci musu rai har suka mutu shi ne fansho. A 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da kuɗin sojojin ƙasashen da ke karɓar 'yanci, ya tsaya cak, alhali na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi yana ta hawa. Ba a daidaita ba sai 2011, lokacin mafi yawansu suna ƙasa. Kuma kun san abin da ya faru a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin da suka dawo suka nemi haƙƙinsu aka buɗe musu wuta. To in ka ga tsoho na riƙe da takardarsa a leda cikin leda kamar laya, ka san inda abin ya samo asali.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu ma a Gana haka ne, har ma namu su suka kunna wutar 'yanci. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Ankara za su kai wa Gwamna takardar koke kan alƙawuran da ba a cika musu ba. A mararrabar Christiansborg aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta, aka kama su Nkrumah, shekara tara bayan nan Turawa suka tafi. Har yau duk shekara ana zuwa wurin a ajiye furanni. Babban barikinmu ma sunansa Burma Camp. Zangonninmu da yawa kuwa akwai jinin soja a tushensu, kakanninmu wasu kaki ne ya kawo su daga Arewa.

Hajiya Babba:
Ni tambayata ɗaya. Me ya sa sai 15 ga Janairu? Mu a gidanmu wannan rana ta zaman makoki ce tun ina yarinya, ranar da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Malamin Tarihi:
Hajiya, ranki ya daɗe, rana ɗaya ce shekara daban. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da Ingila da sauran ƙasashen da ta mallaka, ranar da aka tsayar da yaƙin duniya na farko a 1918. Aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare. Ta Sardauna kuwa 1966 ce. Kuma a daren nan ba 'yan siyasa kaɗai aka kashe ba, har da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema.

Ɗan Birni:
Ai shi ya sa nake cewa wasu mutanen har gobe ba su...

Mai Zaure:
Ɗan Birni, tsaya nan. Na goge sauran. Maganar 'yan mazan jiya muke yi, ba za mu koma 1966 mu raba zaure biyu ba. Wanda ya sake jefo maganar ƙabila zan fitar da shi sai bayan kwana uku.

Tsohon Saje:
Mai Zaure ka kyauta. Wanda ya ja ni cikin rami a Monrobiya lokacin da na tsaya kamar gunki ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba. Ya rasu shekara huɗu ke nan, har garinsu na je.

Hajiya, faretin nan da ake gani na minti ashirin, mu mako biyu muke shirinsa. Da asuba cikin hunturu, hazo ko gabanka ba ka gani, tsofaffi sun fito da rigar sanyi a ƙarƙashin kaki. Samanja na ba da umarni, rabin layi ba sa ji don kunne ya yi nauyi, ya ce dama wasu su yi hagu. Mu yi dariya mu sake. Amma ranar, da an busa begila, za ka ga bayan da ya tanƙware ya miƙe. Daga ina ƙarfin ke zuwa, Allah kaɗai ya sani. Washegari dai kowa na kwance ana shafa masa man zafi.

Baban Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai. Maganar Malam ta 1967 ta sa na kira gwaggona yanzun nan, ita ce babbar 'yarsa. Ashe ya koma! Ta ce tana budurwa lokacin, ya ji sanarwa a rediyo, bai gaya wa kowa ba ya fito da bel ɗin nan ya zauna yana goge shi a tsakar gida. Kakarmu ta gane, ta shiga ɗaki ta ƙi fitowa har ya tafi. Ta ce ba a kai shi bakin daga ba, kuratan soja ya riƙa horarwa, bayan yaƙi ya dawo ya ci gaba da ɗinkinsa a bakin kasuwa. Kuma wai duk ranar taronsu ita ke wanke masa hular ta kifa ta a kan ƙwarya don kada ta lanƙwashe. Shekara nawa muna zaune da matar nan ba mu taɓa tambayarta ba.

Baba Saje, jika yana iya shiga ƙungiyar? In kuma ba ya iyawa, me irina zai yi musu? Rufin ɗakin nan na ga yana zuba.

Tsohon Saje:
Shiga dai sai wanda ya sa kaki, ɗana. Amma taro ba a korar baƙo. Ka je ranar zamansu, ka riƙe katin da takardar sallamar, ka ce magatakarda ya duba tsohuwar rajista, in ba gara ta cinye ba za ka ga sunansa da jan layi. Kafin ka sayi kwano ka tambaye su tukuna, tsofaffin sojoji ba sa son a yi musu abu ba a bi ta kan shugaba ba. In kana da waya mai kyau ka ɗauki hoton rajistar shafi-shafi, don kwafi ɗaya ne tak, kuma ka ce rufin na zuba. Ka kuma tafi da goro.

Maman Sadiq:
Baba, kada a manta maganar kujerarmu ranar Asabar.

Tsohon Saje:
Na riga na rubuta a bayan hannuna, 'yata. Jikar tawa na son wayarta, sai da safenku.

Ɗan Birni:
Ni dai har yanzu ban gamsu ba kan yaran da suka bar aiki da ƙarfinsu. Baba in ka dawo gobe ka gaya mana su nawa ne a ƙaramar hukumarku.